Amyar Babban Baƙo

Cikin duk shekarun da na yi a aikin gona, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da muka yi bikin zuma a wani kurmi kusa da Kwatarkwashi, a shekarar 1998. Ku da kuka shigo aiki daga baya kun sha jin gutsattsarin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Ni ina wurin, kuma ni ne riƙe da lasifika.

A lokacin ina mataimakin malamin gona, mataki na shida, jihar kanta ba ta wuce shekara biyu da kafuwa ba. Ofisoshi a Gusau ba su wadata ba, teburi ɗaya muke rabawa da abokan aiki. Da masu kiwon zuma na yankin suka haɗa ƙungiya, suka roƙi a ba su wanda zai riƙa rubuta musu abin da aka tattauna a taro, sai shugaban sashenmu ya ɗaga kai ya ga ni kaɗai ne a tsaye, ya ce in je. Aka haɗa ni da wani tsohon babur na ofis.

Ƙungiyar tana da rassa uku: Gusau, Tsafe da Bungudu. Ana taro wata-wata, ana zagayawa daga wannan reshe zuwa wancan. Ayyukanmu ba su da yawa amma suna da amfani. Muna bin ƙauyuka muna roƙon manoman wake su bar feshin magani da safe lokacin da zuma ke kan fure, su bari sai yamma. Muna koya wa masu ɗibar zuma su yi aiki da hayaƙi, su daina cinna wa gidan wuta suna ƙone uwa da 'ya'ya. Da damina muna raba dashen itatuwa, da rani kuma mu yi biki guda ɗaya a baje zuma da kaki a gayyaci jama'a.

Ga wanda bai san sana'ar ba, amya ita ce gidan da ake yi wa zuma. Da ciyawa ake saƙa ta, doguwa kamar ganga, a shafe cikinta da kashin shanu, a bar 'yar ƙofa a baki ɗaya, a ɗora ta kan reshe. Amma zuma ba ta shiga amya haka kawai, sai an turara ta da haɗin da ƙamshinsa zai jawo ta. A nan ne duk girman mai kiwon zuma yake. Shugabanmu, Malam Bawa na Bungudu, dattijo ne mai haƙuri a kan komai ban da wannan. Malam Ɗahiru na Tsafe yana cewa nasa haɗin daga kakansa ya gada. Malam Isa na Gusau, tsohon malamin makaranta, yana cewa nasa ya haɗa gargajiya da ilimin zamani. An san akwai kaki a ciki, akwai ƙaron hano, akwai kajiji, amma sauran babu wanda ke faɗa wa ɗan'uwansa.

A wannan shekarar matsala ta same mu. Kurmin da na ambata, mai manyan itatuwan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, a nan yawancin amyoyin mutanen Bungudu suke, kuma na Malam Bawa suna rataye a wurin tun zamanin mahaifinsa. Sai magada suka sayar da filin ga wani ɗan kasuwar hatsi na Gusau, Alhaji Ummaru. Shi kuwa gona yake so. Ya riga ya yi magana da masu saran itace, za su fara ranar Asabar mai zuwa, aka aiko wa Malam Bawa ya sauke kayansa. Dattijon ya je gidansa sau biyu, ana ce masa Alhaji ya fita. Idan aka sare kurmin, Malam Bawa ba shi da inda zai kai zumarsa, kuma ba shi da wata sana'a.

A taron gaggawa aka yanke shawarar a matso da bikin shekara zuwa ranar Alhamis, a yi shi a cikin kurmin, a gayyaci Alhaji Ummaru a matsayin babban baƙo. Mutum yana iya ƙin ganin mai roƙo, amma da wuya ya ƙi kujerar tsakiya. Ya kuwa amsa.

Ni na nemi a bar mini jawabin roƙo. A wancan zamanin littattafan soyayya sun cika mini kai, ina hayarsu a wani shago a Tudun Wada, in karanta ɗaya in mayar in karɓo wani. A cikinsu na koyi cewa duk attajiri mai taurin zuciya, idan an kusa ƙarshen littafi, wani zai tsaya a gabansa ya yi magana mai ratsa jiki, hawaye su zubo masa, ya nemi gafara. Na tabbata haka duniya take, ba a dai samu mai iya maganar ba ne. Na zauna na zuba duk abin da na sani. Na kwatanta zuma da masoyiya, fure da masoyi, gatari da mai raba su. Da na je zance na karanta wa Rabi, wadda nake nema a lokacin. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ya yi daɗi, sai dai ba ta gane ba, ita nake so ko zuma.

Sai maganar kyautar babban baƙo. Malam Isa ya ce a ba shi galan na tatacciyar zuma. Malam Bawa ya ce a'a, amya za a ba shi, sabuwa, ya riƙe da hannunsa ya ga irin abin da zai sa a jefo daga kan itace. Kowa ya yarda. Amma a wurin masu kiwon zuma, ba wa mutum amyar da ba a turara ba abin kunya ne, kamar ka ajiye wa baƙo kwano a rufe babu komai a ciki. To turaren wa za a sa? Aka yi ta musu har la'asar ta kusa wucewa. Ƙarshe aka ce shugaba ya turara.

Malam Bawa ya turara ta, ya jingine ta a gindin babbar ɗorawar da ke bakin kurmi. Washegari Malam Ɗahiru ya zo daga Tsafe wai duba wurin taro, ya sunkuya ya shinshina, ya ce wannan ko ƙudan gida ba zai kira ba, ya kunna nasa ya ƙara. Da Malam Isa ya ji labari, ya hau motar haya ya zo ya ce ba za a bar Gusau a baya ba. Amya ɗaya ta sha turaren gari uku.

Lokacin ɗorawa tana cikin fure, jajayen tuntayenta sun cika rassa, kuma lokacin ne zuma ke rabuwa tana neman sabon gida. Ranar Laraba muna kafa rumfa na ga 'yan ƙudan zuma suna shiga amyar suna fita. Dattawan nan uku duk sun gani, kuma duk sun san ma'anarsa fiye da ni: masu leƙen gida ne, waɗanda ke zuwa kafin ayari. Amma kowannensu murmushi ya yi ya kau da kai, yana jin daɗin turarensa ya ci. Babu wanda ya tuna cewa gobe za a miƙa wa mutum ita.

Ranar Alhamis aka jera kujeru, aka shimfiɗa tabarmi, aka baje kwalaben zuma da dunƙulen kaki a kan teburi. Mutanen ƙauyuka sun zo, wasu ma'aikata daga Gusau sun zo. Alhaji Ummaru ya iso wajen sha ɗaya cikin farar Marsandi, da malum-malum mai ruwan sama, direbansa Lawali ya nemi inuwa mafi kyau ya ajiye motar a gindin babbar ɗorawa.

Bayan addu'a, Malam Bawa ya ce a fara da kyauta, don zuciya ta yi laushi kafin roƙo. Aka miƙa amya, aka tafa. Alhaji ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn da ba nasa ba, ya yi godiya a taƙaice, ya miƙa wa Lawali. Lawali ya kai ta but ɗin mota. Da yake doguwa ce murfin ya ƙi rufuwa, sai ya bar shi a ɗage, ya shiga gaba ya kwantar da kujera.

Na tashi na karɓi lasifika. Na fara da raɓa da fure, na wuce zuwa ga sarauniyar zuma wadda dubban bayi ke mutuwa saboda ita. Alhaji yana duba agogo, yana yi wa na kusa da shi raɗa. Ban karaya ba, domin a littafi ma haka suke farawa. Da na iso wurin gatari, sai na ji wani guna-guni yana tashi a hankali. Na ɗauka jama'a ce maganata ta fara taɓawa. Na dubi Alhaji, na ga fuskarsa ta sauya, idanunsa sun buɗe, leɓensa yana rawa. Zuciyata ta ce mini an zo wurin. Na ɗaga murya, na miƙa hannu sama. Sai da ya miƙe tsaye na lura ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo.

Daga wajen duwatsu wani baƙin gajimare ne ya taso, ya zagaya kan ɗorawar, ya sauko a kan motar. Zuma ce, ayari guda. Ta yi ta kwarara cikin amya, wadda ba ta samu shiga ba ta dunƙule a murfin but, tana lilo kamar gemu, har ta rufe lambar motar. Lawali ya farka, ya duba madubi, ya fita ta ƙofar da ba tasa ba, ya bar takalmi ɗaya. Baƙinmu na birni suka bi bayansa, kujeru suna faɗuwa. Masu kiwon zuma kuwa suka miƙe a hankali suka nufi motar, hannuwa a baya, kamar masu zuwa ganin amarya. Sun san zumar da ke ƙaura cikinta cike yake, ba ta cika harbi ba.

Alhaji Ummaru bai san haka ba. Yana bayan rumfa, ya naɗe malum-malum a kansa. Ya ce shiri ne, an kira shi ne don a yi masa asiri a gaban mutane. Ya ce a kawo wuta. Lawali daga nesa ya ce akwai maganin feshi a ƙauye. Alhaji ya rantse ba ma sai Asabar ba, gobe za a fara sara. Na tsaya da takarduna a hannu, na ji kurmi ya tafi.

Sai ga Malam Bawa yana dawowa daga wajen motar. Na ɗauka zai durƙusa ya ba da haƙuri, har na fara shirya kalmomin da zan taya shi da su. Ya zo ya kama hannun Alhaji da hannuwansa biyu, idanunsa sun kawo ruwa.

"Alhaji, barka da arziki."

Alhaji ya leƙo daga cikin riga. "Wane arziki?"

"Tun da damina ta ɗauke na rataye sababbin amyoyi cikin kurmin ga, rabinsu har yau wayam. Kai ko sa'a guda ba ka yi da taka ba. Tun da nike ban ga irin wanga ba."

Ba dabara yake yi ba, da gaske yake, har da ɗan hassada a muryarsa. Kafin Alhaji ya amsa, Malam Ɗahiru ya iso ya miƙa hannu, ya ce wannan ayari ko shi bai taɓa samun mai girmansa ba, akwai mutanen da zuma ke bi, a jini yake. Sai layi ya kafu. Mutanen Bungudu, na Tsafe, na Gusau, kowa ya zo ya yi barka. Wani tsoho ya roƙe shi ya taɓa masa igiyar amyarsa. Alhaji ya yi ta karɓar hannuwa, rigar tana zamewa daga kansa kaɗan-kaɗan, ya kasa samun wurin da zai sa fushinsa.

Nan take kuma dattawan uku suka juya wa juna. Malam Ɗahiru ya ce ai kowa ya ga daga gabas zumar ta fito, ta wajen Tsafe, ƙamshin gida ta biyo. Malam Bawa ya ce turaren farko shi ne ke kama ciyawa, na baya hayaƙi ne kawai. Malam Isa ya ce a bi hankali, kwana nawa amyar tana jingine zuma ba ta shiga ba sai da nasa ya hau? Suka manta da kurmi, suka manta da babban baƙo. Alhaji yana tsaye yana kallon wannan yana kallon wancan, kamar yadda yake sauraron dillalai a kasuwa.

"Ku dakata," ya ce. "Yanzu zumar ta wa ce?"

Su uku suka amsa tare cewa tasa ce. Malam Bawa ya yi masa bayanin ƙa'ida: zuma ta mai amya ce, ba ta mai turare ba, ba ta wanda ta baro ba. An ba shi amya a gaban shaidu kafin ta shiga, saboda haka ko ƙuda ɗaya babu mai haƙƙi a ciki sai shi.

Alhaji ya juya wajen ɗorawar. Ya ɗan matsa ya leƙa motar daga nesa. Ya tambaya ko tana da yawa, aka ce masa ƙwarai. Lawali ya sake ɗaga murya ya ce a je a kawo maganin? Alhaji ya ce masa ya rufe baki.

Sai dai mota ba za ta motsa ba. Ba a ɗaga sabuwar amya sai rana ta faɗi, zuma duk ta shige, a toshe ƙofa. Idan aka tayar da inji yanzu za ta watse, wataƙila ta watse a kan mutane. Alhaji kuwa yana da baƙi a gida bayan azahar. Aka duba, abin hawan da ya rage a wurin babur ɗina ne.

Haka na ɗauko Alhaji Ummaru a baya, malum-malum tana cika da iska kamar za ta tashi da mu. Da muka hau kwalta na ga dama ta samu, ga shi ba shi da inda zai gudu, ga sauran jawabina ban ƙarasa ba. Na ɗan juyo na fara daga inda na tsaya. Ya ce in dubi hanya. Muka yi tafiya mai nisa. Can ya matso kusa da kunnena.

"Yaro, zumar ga mi take ci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kamar yadda masoyi ba ya rayuwa sai da..."

"Mi take ci, na ce."

"Furen ɗorawa, ranka ya daɗe. Da na kaɗanya da tsamiya."

"Waɗanda za a sare?"

"Su."

Muka isa Gusau. A ƙofar gidansa ya sauka ya gyara hula, ya ce in gaya wa Malam Bawa a ɗora masa amyarsa a kan babbar ɗorawa, a reshe mai kyau, kuma kada a sa ta kusa da ta kowa, don bai yarda da mutumin Tsafen nan ba. Maganar sara bai ce a fasa ba, bai ce a yi ba. Na koma na isar da saƙo. Bayan magariba aka ɗora amya, Lawali ya ja mota da tagogi a rufe. Malam Bawa ya tambaye ni abin da na fahimta, na ce ban sani ba. Ya ce shi dai ba zai sauke komai ba sai ya ga gatari da idonsa.

Ranar Asabar da sassafe na tafi kurmin. Na tarar da Malam Bawa a zaune kan dutse da igiyoyinsa a gefe, ko da za a ce ya sauke. A gindin babbar ɗorawa kuma ga tabarma, ga Alhaji Ummaru a kai, ya cire hula, ya ɗaga kai yana kallon ƙofar amya, zuma tana fita tana dawowa da ƙafafu jajaye. Masu sara suka iso da gatura a kafaɗa, shugabansu ya gaishe shi ya tambaya ta ina za su fara.

Alhaji bai sauke kai ba. Ya ce su rage murya. Ya ce akwai busassun kututturai a gonarsa ta hanyar Gusau, su je can su cire.

"Nan fa, Alhaji?"

"Nan akwai dabbobina a sama. In kunka buga gatari ta tashi, ku za ku bi ta ku maido mini ita?"

Suka dubi juna, suka juya. Malam Bawa ya tattara igiyoyinsa ya cusa a buhu. Da ya zo wucewa, Alhaji ya kira shi ya tambaye shi yaushe za a fara ɗiba, kuma me ya sa wasu ke fita ba su dawo da wuri ba, ko amyar wani suke shiga. Dattijon ya zauna a bakin tabarma ya fara yi masa bayani. Na bar su a nan.

Abin da na koya a ranar nan ya bi ni har na bar aiki. Mutanen wannan sana'a ba su iya roƙo ba, ba su iya tsara magana ba, kuma a kan turaren amya za su iya manta gidansu na cin wuta. Amma idan suka ga zuma ta shiga amyar mutum, ko maƙiyinsu ne, murnar da suke yi masa ta gaskiya ce, kuma ita ce ta yi abin da ni ban iya ba. Na kuma gane cewa kana iya yini kana gaya wa mutum amfanin itace da fure yana gyaɗa kai, amma ba zai tsare su ba sai ranar da yake da wani abu nasa a kan reshe.

Tun daga lokacin, idan aka tura ni ƙauye in yi wa manoma bayani a kan zuma, amya nake ɗaurawa a bayan babur in kai wa wanda ya fi kowa taurin kai a garin. Sai dai ba na bari a turara ta sai na isa, na kuma ajiye babur ɗina nesa.